Za mu tsallaka duwatsun Kagoro a ƙafa: ko ƙarancin iska zai dame mu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokaina huɗu daga Tudun Wada a nan Kaduna mun shirya zuwa Kagoro, mu hau dutse daga wani ƙauye mu bi mashigin sama mu gangara wani ƙauyen ta baya. Na karanta cewa masu hawan tsauni sukan rasa numfashi har su suma. Akwai maganin da za mu sha kafin mu tashi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, ba ku buƙatar wannan magani. Ciwon da ka karanta yakan kama mutum ne idan ya haura kimanin mita 2,500 daga doron teku, kamar masu hawan Kilimanjaro na Tanzaniya mai mita 5,895. Tsauni mafi tsawo a duk Najeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne. Shere na Jos 1,829. Na Kagoro kuwa bai ko kai 1,300 ba. Idan ka ji kana haki a can, zaman ofis da hawan Keke Napep ne suka bayyana, iska tana nan isasshiya.

Abin da ke kayar da 'yan birni a waɗannan duwatsu shi ne raina tafiya. Mutumin ƙauye zai ce maka "ga shi nan kusa", kuma ba ƙarya ya yi ba, kusan nasa ne. Matar da ke gangarowa da buhun citta a ka ranar kasuwa tun tana yarinya take bin hanyar. Ku yi naku lissafin. Wani mahayin tsauni ɗan Sukotilan, William Naismith, ya tsara shi tun 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Tafiyar kilomita 12 mai hawan mita 600 ta kama wajen awa uku da rabi ke nan. Wannan na ƙwararre ne da ba ya hutawa. Ku sai ku ƙara rabin haka a kai, ga lokacin salla, ga na cin abinci, ga ɗaukar hoto wanda na san ba za ku bari ba. Ku tashi da an idar da sallar Asuba, ku kuma yanke tun a gida cewa idan Azahar ta yi ba ku kai mashigin ba, juyowa za ku yi. Ma'aunin gudunku shi ne wanda ya fi kowa nawa a cikinku.

Gangarowa ta fi hawa haɗari. A lokacin cinya ta riga ta gaji, gwiwa ce ke ɗaukar nauyin jiki, hankali kuma ya tafi gida. Kowa ya riƙe gora, a riƙa gajeren taku, kada a sa sabon takalmi domin bororo zai yi maka tun kafin hantsi.

Ruwa aƙalla lita uku kowane mutum. Ku tafi da ƙullin ruwan gishiri da sukari na kemis. In babu, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Guzuri dabino, gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun isa. Kilishi a bar shi sai an sauka, ƙishi yake jawowa.

Ban ba ku shawarar damina ba. Kudancin Kaduna ya fi nan ruwa, falalen dutse yana santsi, ƙoramar da kuka tsallake da safe tana iya kawowa da yamma ta tsare ku, ga tsawa a kan tudu. Nuwamba zuwa Janairu ya fi, sai dai ku ɗauki rigar sanyi, ku kuma kula da wutar daji da mafarauta ke sakawa. Ranar 1 ga Janairu ake bikin Afan, bikin al'adar mutanen Kagoro, garin yakan cika maƙil, masauki yana wuya.

Macizai akwai, kasa da gamsheƙa. Kada hannu ya shiga kogon da ido bai gani ba. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a ɗaurewa, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A cire zobe da agogo, a hana wurin motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti.

Batun da na fi so ka riƙe shi ne izini. Waɗannan duwatsu suna da masu su, akwai gonaki, akwai wuraren da al'ada ta hana baƙo taka su. Ku fara gaida mai gari, ku faɗi inda za ku fito da inda za ku sauka, ku nemi ya haɗa ku da ɗan rakiya ɗan ƙasa, ku biya shi haƙƙinsa ba tare da ciniki mai tsawo ba. Yankin ya sha fama da hare-hare da satar mutane, don haka labarin tsaro na makon jiya bai wadatar ba, na ranar za ku tambaya. Waya tana iya ɗaukewa a sama, sai ku bar wa na gida sunan ƙauyukan biyu da lokacin da za su fara cigiya. In mai gari ya ce kada ku hau yau, ku hau mota ku je kallon ruwan Matsirga kusa da Kafanchan.