Tambaya da Amsa: Zowa ɗina sun rufe baki, laifin fitila ne ko me?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina gaisuwa. Ina da tankin ruwan gishiri na kiwon halittun teku lita 120, wata biyar kenan da haɗa shi. Sati uku da suka wuce na sayo ƙananan murjanin nan masu kama da fure da ake ce wa zowantid ko zowa a taƙaice, gungu biyu, ɗaya na ɗora a saman dutse dab da fitila ɗayan kuma na ajiye a ƙasa kan yashi. Toh na saman ya rufe ruf ya ƙi buɗewa har ya fara koɗewa, na ƙasan yana buɗewa amma ya yi dogon wuya kuma kalarsa ta koma ruwan ƙasa. Fitilar LED ce, na ƙure ta har ƙarshe, daga 7 na safe zuwa 11 na dare. Ga kuma matsalar ɗauke wuta. In ƙaro wata fitilar ne? Daga mai karatu a Abuja.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka ƙaro komai don Allah, ajiye kuɗinka, wadda kake da ita ma ta yi yawa. Awa 16 fa kake gasa su kullum!

Bari in fara da abin da ke cikin jikinsu don nan ne maganar take. Zowa dabba ce ba tsiro ba, dangin murjanin da iyayenmu mata ke ratayawa a wuya ne amma na nesa, su ba su da ƙashi mai tauri irin nasa. A cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka ƙanana da ido ba ya gani, ita ke karɓar haske ta haɗa abinci kamar yadda ganye ke yi, sai ta ba mai gida nasa kason. Idan haske ya yi kaɗan sai dabbar ta miƙa wuya tana neman sa kuma gansakukar ta ƙara yawa da duhu, ita kuwa ruwan ƙasa ce, shi ya sa naka na ƙasa ya koma haka. Idan kuma haske ya yi yawa farat ɗaya sai gansakukar ta rikice ta fara fitar da abin da ke ƙona naman, dabbar ta rufe baki ta fara korar ta waje, koɗewar da ka gani kenan. Ka ga tanki ɗaya amma ciwo biyu, ɗaya na kukan yunwa ɗaya na kukan ƙuna.

Masu wannan harka da wani ma'auni suke auna haske, PAR ake ce masa, wato yawan hasken da gansakuka za ta iya amfani da shi. Rana tsaka a fili tana kaiwa wajen 2000, zowa kuwa yawancinsu tsakanin 50 zuwa 150 ya ishe su, wasu kan jure fiye da haka in an saba musu a hankali. Kuma kar ka yarda da idonka, idon ɗan Adam kore da rawaya ya fi gani, shuɗi kuwa sai ya ga kamar duhu-duhu ne alhali shi ne ya fi yi wa murjani aiki, domin a teku jan haske tun a mitocin farko ruwa ke shanye shi, shuɗin ne ke nutsawa ƙasa. Manhajar waya mai auna haske ma irin idonmu take gani, ni dai ban ɗauke ta a bakin komai ba. In za ka samu aron mitar PAR wajen wanda ya sayar maka, yini ɗaya ya isa ka san tankinka lungu-lungu.

In babu mita ga yadda zan yi da ni ne. Ka sauke ƙarfin fitilar zuwa kashi 30 ko 40 cikin ɗari, shuɗin haskenta ya fi farin yawa sosai, ka sa taima awa 8 zuwa 10 shikenan, lokaci ɗaya kullum. Na saman ka sauko da shi ƙasa gefen da dutse ya ɗan yi inuwa ka ƙyale shi, kar ka riƙa taɓa shi kullum kana duba ko ya buɗe, zai iya ɗaukar sati biyu ko fi. Na ƙasan kuma tunda ka rage fitila yunwarsa za ta ƙaru, sai ka ɗaga shi zuwa tsakiyar tanki. Daga nan duk sati ka ƙara kashi 5 kawai kana kallo, ranar da ka ga fuskokinsu sun baje sun kwanta kan dutse kamar faifai, wuya ya gajarce, toh ka tsaya nan kar ka ƙara ko ɗigo.

Amma fa kar a ɗora wa fitila laifin komai. Ka duba zafin ruwa, digiri 24 zuwa 26 ake so, in ya haura 29 ya daɗe a haka ko da haske daidai za su koɗe, kuma mun san yadda watan Maris da Afrilu suke a Abuja. Gishiri ya tsaya wajen 1.025 a ma'aunin gishirin ruwa. Sannan ruwan da aka tace shi fes har naitiret da fosfet, sinadaran da datti ke bari a ruwa, suka koma sifili shi ma yana sa su dusashe, zowa suna son ɗan datti kaɗan, abin mamaki amma haka ne.

Batun ɗauke wuta kuwa kwantar da hankalinka, yini biyu ko uku babu fitila ba zai kashe su ba, a teku ma ana yin hadari. Abin da ke kisa shi ne ruwa ya tsaya cak babu motsi iska ta ƙare a ciki, wannan cikin awoyi ne. Saboda haka in inbatarka ƙarama ce famfon da ke kaɗa ruwa za ka jona mata, fitila ta jira. Kuma in wuta ta dawo kar ka ce za ka rama musu bashin awannin da suka rasa.

Tunda na ce ka matsar da su, wannan kar ka yi wasa da shi. Wasu daga cikin danginsu, musamman masu faɗin fuska da ake kira falitowa, suna ɗauke da dafin falitoksin, wanda masana a Hawai suka fara ware shi a 1971, yana cikin dafi mafi muni da aka sani kuma ba a gane mai shi da ido. Ka sa safar hannu da gilashin kare ido, in kana da ciwo a hannu ka bari sai ya warke, kar yara su tsoma hannu. Dutsen da suka taɓa zama a kai kuwa kar ka kuskura ka tafasa shi ko ka goge shi da buroshi a cikin ɗaki, tururin kaɗai ya sha kwantar da mutanen gida guda a asibiti a Turai da Amurka.