Tambaya da Amsa: In Kai Hajiya Taormina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗalibi ne a Catania, a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya. Mahaifiyata za ta zo duba ni, abokaina suka ce lallai in kai ta Taormina. Ita kuwa cewa ta yi me za ta gani a garin Turawa in ban da coci-coci? Anya tafiyar ta cancanci kuɗin da wahalar? Daga wani ɗan Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya kawo Hajiya lafiya. Ka kai ta, kuma tun kafin ku tashi ka gaya mata cewa garin da za ta je Musulmi sun taɓa mulkinsa.

A shekarar 902 dakarun daular Musulmi ta Aglabawa daga Tunisiya suka ci Taormina, a lokacin tana cikin garuruwa na ƙarshe da Rumawan Gabas ke riƙe da su a Sisili. Daga baya ta kuɓuce wa Musulmi, sai a 962 dakarun daular Faɗimawa suka sake kama ta bayan doguwar kewayewa, suka raɗa mata suna Al-Mu'izziyya, don girmama halifansu Al-Mu'izz. Sai a ƙarshen ƙarni na 11 Normawa, wasu Turawa Kiristoci, suka ƙwace ta. Idan kun shiga ta ƙofar Porta Messina, ku tsaya a gidan Palazzo Corvaja. Hasumiyar da ke tsakiyarsa ginin Larabawa ce, daga baya aka yi ta ƙara masa ɓangarori. Ka bar Hajiya ta dafa wannan bango da hannunta. Ni abin da ya fi taɓa ni a garin ke nan.

Daga nan 'yar tafiya ce zuwa tsohon dandalin wasannin da Girkawa suka sassaƙa a jikin tsauni tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Rumawa suka sake gina shi da jan bulo. Ku zauna a matakalan sama. Ta tsakanin rusassun ginshiƙan za ku hango teku shuɗi a ƙasa, ga dutsen Etna mai aman wuta, wanda tsawonsa ya haura mita 3,300, sau da yawa hayaƙi na tashi a kansa. Mai imani in ya ga wannan, tasbihi ne zai zo bakinsa.

Sai dai ka kula da gwiwoyinta. Garin yana bisa tsauni, kimanin mita 200 sama da teku, kamar an ɗora gari a kafaɗar dutsen Kufena. Tashar jirgin ƙasa tana can ƙasa a bakin ruwa, don haka motar bas daga Catania ta fi, ita ce za ta hau da ku kusa da ƙofar gari. Babban titin Corso Umberto ba shi da hawa sosai, amma lungunan gefe matakala ne zalla. In tana son ganin ƙaramin tsibirin Isola Bella, akwai motar igiya da ke sauka da mutane zuwa gaɓar Mazzarò.

Abinci kuwa, ku tsaya ga kifi, kuma ka tambaya ko an sa giya ko man alade a girki. Ka saya mata granita na lemon tsami, ƙanƙara ce niƙaƙƙiya mai zaƙi da ake ci da burodi mai laushi. Lemon ma a zamanin Musulmi nomansa ya yaɗu a tsibirin.

Garin yana da tsada, kuma a Yuli da Agusta cunkoso da zafi sai su gajiyar da dattijuwa. In da hali ku je a Afrilu, Mayu ko Oktoba, ku fita da sassafe, ku koma Catania ku kwana.