Tambaya da Amsa: Zauren Unguwa a Kumasi, Gilashi ko Jar Ƙasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne sakataren kwamitin wata unguwa a Aboabo, cikin Kumasi. Mun daɗe muna tara gudummawa daga mazauna unguwa da 'yan uwanmu na ƙasashen waje domin mu gina zaure guda, inda mata za su koyi ɗinki da safe, yara su yi karatun Islamiyya da yamma, a kuma yi taron ɗaurin aure da na suna a ƙarshen mako. Yanzu kanmu ya rabu. Wasu dattawa suna son bene mai gilashi da na'urorin sanyaya ɗaki, wani matashi da ya karanci zanen gini kuma yana cewa a yi da bulon jar ƙasa, a bar iska ta riƙa shiga da kanta. Dattawan sun ce ba za su tara kuɗi su koma ginin laka ba. Wanne ya fi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya saka muku da alheri, ya sa aikin ya zama sadaka mai gudana. Ra'ayina ya fi karkata ga matashin nan, amma ba a raina damuwar dattawa, domin abin da suke gudu shi ne ginin da zai zaizaye bayan damina biyu ya bar su da kunya, kuma wannan tsoro yana da tushe a gari mai yawan ruwan sama kamar Kumasi.

Ku fara da tambayar da ba a cika yi ba ranar aza harsashi: wa zai riƙa biyan kuɗin wuta bayan an buɗe zauren? Gilashi yana shigar da zafin rana ya kulle shi a ciki, saboda haka ginin da aka lulluɓe da gilashi ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, ita kuwa tana cin wuta, tana buƙatar gyara, kuma tana tsayawa da zarar an ɗauke lantarki. Duk wanda ya ga dumso, wato yawan ɗauke wuta da aka yi fama da shi a Gana, na shekarun 2014 da 2015 ya san cewa zauren da ya dogara da lantarki kaɗai yana iya gagarar shiga a ranar da aka fi buƙatarsa. Gudummawar gini sau ɗaya ake tara ta, amma takardar kuɗin wuta kowane wata take zuwa, kuma yawanci a kan mutum biyu ko uku take faɗawa.

Sanyin ɗaki a ƙasarmu daga tsarin gini yake farawa. Kumasi tana kusa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta kan rufi da tsaka, amma da safe da yamma tana dukan bangon gabas da na yamma kai tsaye. Don haka, idan filin ya ba da dama, a shimfiɗa zauren yadda dogayen bangwayensa za su fuskanci kudu da arewa, a taƙaita tagogi a gabas da yamma, a dasa darbejiya ko mangwaro a can. A sa manyan tagogin luba, wato masu jerin faifai da ake karkatawa iska ta shiga, suna kallon juna, domin iskar da ta fi kaɗawa a nan daga kudu maso yamma take zuwa, kuma ba ta ratsa ɗaki sai ta sami mashiga da mafita. A ɗaga silin ya kai mita 4 ko fiye, a bar kafofi a sama waɗanda aka rufe da raga, domin iska mai zafi sama take tashi. Haka mai zanen gini Francis Kéré ya yi a makarantar ƙauyensu Gando ta Burkina Faso, wadda aka kammala a 2001: ya ɗaga kwano sama da silin na bulon ƙasa, iska tana wucewa tsakani. Wannan mutum ne ya karɓi lambar Pritzker a 2022, wadda ita ce mafi girma a fannin zanen gini. Silin mai kauri yana da wani amfanin da malaman Islamiyya za su fi kowa yabawa, domin idan ruwa ya sauka a kan kwano tsirara, ba mai jin karatun wani.

Game da jar ƙasa kuwa, a bayyana wa dattawa cewa abin da ake nufi ya bambanta da ginin laka da suka sani. Ana tankaɗe ƙasar, a gauraya ta da siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a matse ta da inji, ta fito bulo mai ƙarfi da santsi wanda ba ya buƙatar filasta ko fenti. A Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, masu zanen gini Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da irin wannan bulo a 2018, suka mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu. Ina ganin hoton wannan wuri zai fi kowace hujja tasiri a zaman kwamitinku, domin wanda ya gan shi ba zai kira shi ginin talauci ba.

Sai dai Kumasi ba Dandaji ba ce. A nan ruwan sama yakan kai kimanin milimita 1,400 a shekara, a damina biyu, kuma sassan Aboabo da ke kusa da rafi sun san ambaliya. Saboda haka harsashi da gindin bango dole su zama na kankare ko dutse, a ɗaga daɓe sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa a unguwar, a kuma fitar da bakin rufi aƙalla mita 1 daga bango, ko ma a kewaye ginin da baranda, wadda za ta zama wurin zaman baƙi ranar biki. Kafin a buga bulo ko ɗaya, a kai ƙasar a gwada. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi da ke Fumesua tana kusa da ku, ita ce ma ta samar da wani irin siminti daga yumɓu da ake kira pozzolana, kuma Jami'ar Kwame Nkrumah tana da sashen zanen gini. Idan ba ku sami maginan da suka iya aikin ba, bulon yumɓu da aka gasa ya fi muku bulon ƙasa da aka buga da ganganci.

Wannan ruwan da ake tsoro kuma dukiya ce. Milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ce, don haka rufi mai tsawon mita 20 da faɗin 15 yana iya karɓar kimanin lita 420,000 a shekara. Ko kaɗan daga ciki aka tara ta indararo zuwa tankuna, ya ishi alwala da banɗaki na tsawon lokaci, ya kuma rage abin da ke malala cikin kwatar maƙwabta. Sola kuwa a fara da daidai abin da zai ɗauki fitilu, fanka da lasifika, a bar gurbin ƙari a kan rufi.

Zauren da zai yi aiki uku yana buƙatar fili ɗaya buɗaɗɗe, ba ginshiƙi a tsakiya, da allunan katako masu naɗewa da za a raba shi aji biyu ko uku. Abin da aka fi mantawa shi ne sito. Idan ba inda za a kulle kekunan ɗinki ranar ɗaurin aure, ko a jera kujeru ranar karatu, cikin wata shida za a fara saɓani tsakanin masu amfani da wurin. A ware wa mata ƙofarsu, banɗakinsu da wurin alwalarsu, kuma a zauna da su tun ana zane, tunda su za su fi kowa wuni a ciki. A yi gangara a bakin ƙofa saboda tsofaffi da masu keken guragu, wanda dokar naƙasassu ta Gana ta 2006 ma ta wajabta samun sauƙin shiga ga gine-ginen jama'a.

Idan dattawa suna son bene saboda ƙarancin fili, injiniya mai rajista ya tsara harsashi da ginshiƙan da za su ɗauki hawa na biyu, a gina na ƙasa yanzu, a ƙara na sama idan hali ya yi. Kafin nan, ku tabbatar takardun filin suna ɗauke da sunan ƙungiya ko amintattunta, ku kai zane ofishin asambili, wato ƙaramar hukumarku, na Asokore Mampong ku karɓi izinin gini, sannan ku rubuta a kundin kwamiti kason da za a riƙa cirewa daga kuɗin hayar zauren domin share indararo, maganin gara da sauya batirin sola.