Filin Tambaya da Amsa: Na sayi tsohon mashin ɗin ruwa, in kai wa mai fentin mota ko in gyara abina a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum, dan Allah ina neman shawara. Ni a Legas nake zaune wajen Ajah, wani maigidana ne ya sayar min da tsohon mashin ɗin ruwa, wato jet ski, ƙirar Sea-Doo GTX, a araha ya ba ni saboda ya daɗe a yashe a bayan gidansa ba ko tamfol a kansa. Bakanike ya duba ya ce inji lafiya lau har ya tayar min na ji. Jikin ne dai abin tausayi, fari ne da kore amma duk ya koɗe, in ka shafa hannu sai wani farin gari ya biyo hannunka kamar alli, sitikun duk sun tsattsage, ƙasansa kuma duk karce ne. Mai fentin motar da nake kai wa aiki ya ce in kawo ya fesa min shi gaba ɗaya ya dawo sabo. In ba shi ne ko akwai abin da zan iya yi da kaina? Daga mai karatunku a Ajah.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya alheri ya tsare. Kar ka ba shi tukuna. Ba wai bai iya aikinsa ba ne, a'a, jikin wannan mashin ɗin ne ba irin na mota ba, kuma ga dukkan alamu naka ba fenti yake buƙata ba.

Tsofaffin Sea-Doo irin naka da faiba aka yi jikinsu, wato zaren gilashi da ake haɗawa da wani gam ya daskare, abin da kake gani a sama mai launi kuma ana ce masa jelkot, tun a cikin mazubi ake fesa shi kafin a shimfiɗa faibar a bayansa, saboda haka launin a cikin namansa yake har ƙasa, kaurinsa wajen rabin milimita ne wanda ya ninka kiliya, wato shafen sheƙi mara launi da ke kan fentin mota, sau da yawa. Wannan farin garin da ke biyo hannunka saman jelkot ɗin ne rana da iska suka cinye, amma a ƙarƙashinsa yawanci launin yana nan da ransa. Gwaji mai sauƙi, ka jiƙa tsumma ka goge wuri ɗaya a kan koren, in launin ya dawo yana sheƙi lokacin da yake jiƙe sannan ya sake dushewa da ya bushe, toh gugar folish kawai yake so, kuɗin fentinka ya huta.

Kafin ka taɓa komai ka leƙa bayan mashin ɗin ta hannun dama, za ka ga wata lamba mai haruffa da lambobi 12, biyun ƙarshe su ne shekarar ƙirar, in ka ga 96 toh na 1996 ne kenan. Ka rubuta ta ka ajiye don da ita za ka nemi sitika da shimfiɗa da suka dace, kuma kar a goge ta kar a rufe ta da fenti, ita ce shaidar mashin ɗin ranar da za ka yi rajista ko za ka sayar. Sannan ka ɗau hotonsa ta ko'ina da wayarka, har da tef ɗin awo a gefen kowace sitika, don wallahi ranar manna sababbi ba za ka tuna inda tsofaffin suke ba.

Sai wanki, ruwa da sabulun wanke mota da soso mai laushi. In akwai wani layi ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa a daidai inda ruwa ke tsayawa, sabulu ba ya fitar da shi ko ka kwana kana dirza, maganin wanke ƙasan jirgi mai sinadarin oxalic acid ake shafawa a bar shi 'yan mintuna a ɗauraye, da safar hannu don yana cin fata.

Sitika da zafi ake ɓare ta. Dirayar gashi ta Hajiya ma ta isa, ka hura har sitikar ta yi laushi sai ka ɗaga gefenta da tsohon katin ATM ka ja a hankali, ban da reza ban da wuƙa. Amma ka fara cire kujera ka bar cikin mashin ɗin ya sha iska kuma ka cire batir, saboda tururin fetur yana taruwa a cikin rufaffen jikin nan, zafi ko tartsatsi a kusa da shi ba abin wasa ba ne. Ragowar gam ɗin kananzir kaɗan a tsumma yana narkar da shi, sai ka sake wankewa da sabulu. Za ka ga inda sitikar take ya fi sauran jikin launi har ya ɗan taso, don wurin bai sha rana ba, wannan samfefa ce za ta rage shi amma ba lallai ya ɓace tsaf ba, shi ya sa da yawa suke mayar da sabuwar sitika daidai gurbin tsohuwar.

Yanzu ga inda aikin yake. Ka fara gwada kwamfawun, wato man guga mai ɗan yashi-yashi da masu fenti ke amfani da shi, a wani ɗan lungu. In shi kaɗai ya dawo da sheƙin toh ba ruwanka da samfefa. In bai yi ba sai samfefar ruwa, lamba 1000 za ka fara da ita, in koɗewar ta yi tsanani ka sauko 800 sannan ka koma 1000, daga nan 1500 sannan 2000, kar ka tsallake ko ɗaya don kowace tana goge karcen wadda ta gabace ta ne. Ka jiƙa takardar a bokiti da ɗigon sabulu, ka naɗe ta a jikin guntun roba ko soso mai tauri maimakon yatsunka tsirara, in ba haka ba sawun yatsu zai fito a jikin. Ruwan da ke gangarowa zai fara fitowa fari fat sannan ya soma ɗaukar launin kore, wannan alamar ka wuce mataccen ka taɓa mai rai, sai ka matsa gaba. Wuraren da ke da kusurwa da baki-baki jelkot ɗinsu ya fi siranta, ka bi su da hannu mara nauyi, in ka ga wani duhu yana lekowa daga ƙasa toh faiba ce ta kusa bayyana, tsaya nan. Bayan samfefa jikin zai yi dishi-dishi har hankalinka ya tashi ka ce ka ɓata abu, ba ka ɓata ba, injin folish ne zai dawo da shi, da kan ulu da kwamfawun, gudu kaɗan wajen juyi 1,500 a minti, kana tafiya da shi ba tsayawa wuri ɗaya don yana ƙona jelkot. A inuwa ake yi, in jikin ya ɗau zafin rana man zai bushe kafin ya yi aiki. Daga nan folish mai laushi, sai kakin goge mota ko na jirgi a ƙarshe. In ba ka da injin, nan ne mai fentin naka zai yi maka rana, ka kira shi ya zo da injinsa ka biya shi kuɗin guga.

Karcen ƙasa kuwa mafi yawa daga hawa yashi ne a bakin ruwa, wanda farce ba ya maƙalewa a ciki samfefa za ta ɗauke. Wanda ya yi zurfi har kana ganin zaren faiba dole a cike shi don ruwa na shiga ta nan. Ka ɗan buɗe bakin karcen, ka goge da asiton, wato sinadarin da ke cire maiƙo da gam, ka kwaɓa jelkot da hadinarsa, wato sinadarin da ke sa shi daskarewa, da ake kira MEKP kashi 1 zuwa 2 cikin 100, kuma da zafin Legas ka kwaɓa kaɗan-kaɗan don kafin ka juya ya daskare a gwangwani, ka cika ya ɗan yi tozo, sai ka rufe da farar leda ka manne gefen da salatif saboda jelkot in iska na taɓa shi samansa ba ya bushewa sai ya yi ta danƙo. Washegari ka goge ya daidaita. MEKP ɗin nan ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa, sa tabarau. Fila ta mota, wato abin da masu fenti ke cike lotsawa da shi, kar a sa maka ita a ƙasan da ke zama cikin ruwa, shan ruwa take yi ta kumbura ta faɗo. Launin facin ba zai zo daidai da tsohon ba ɗari bisa ɗari, a ƙasa ne ba mai gani.

Wani abu da ba ka tambaya ba, tunda ka cire kujera ka dubi tiyon fetur. Sea-Doo na shekarun 1990 da yawa sun zo da tiyo ruwan toka wanda cikinsa ke narkewa ya zama wani koren danƙo ya toshe kafireto, inji ya rasa mai ya ƙone a tsakiyar ruwa. In ruwan toka ne ka sa bakanike ya canza su duka kafin ka kashe ko kwabo a sitika.

Tambaya: Malam nawa Yamaha WaveRunner ne, a Abuja nake, gefensa ya tsage sai na kai wa masu aikin faiba suka yi faci, fita biyu kawai facin ya ɓalle gaba ɗaya. Aikin ne ba su iya ba ko me?

Amsa: Ɗan uwa wataƙila sun iya, kayan aikin ne bai dace ba. Yawancin WaveRunner da wasu Jet Ski na Kawasaki da wani haɗi ake yin jikinsu mai suna SMC, faiba ce ita ma amma matsa ta ake yi a mazubi da zafi, kuma rezin ɗin foliyesta, wato gam ɗin da masu faiba suka saba da shi, ba ya kama ta da kyau, zai yi kamar ya kama sai ruwa ya bubbuga shi ya ɗago. Leƙa cikin jikin, in ka ga sumul ciki da waje toh SMC ce, faibar gargajiya cikinta kaushi gare shi ana ganin zare. Wani gam mai ƙarfi da ake kira ifoksi ake sa wa SMC. A karce wurin da samfefa mai kaushi lamba 80 a faɗaɗa bakin tsagar, a goge tsaf, a sa ƙyallen faiba da ifoksi ta ciki da ta waje in hannu zai kai.

Kuma kar ka ɗauki shawarar da na ba Alhajin Ajah ka bi naka da samfefa 800, da yawa daga cikin Yamaha fenti ne a kansu siriri irin na mota, za ka cinye shi nan take. Naka bayan faci fenti za a yi, faraima ta ifoksi, wato shafen farko, sannan fenti mai hadina. Irin wannan fentin tururinsa na lalata huhu, takunkumin ƙyalle ba ya tare shi, shi kam ka bar wa mai wurin fesawa. In lokacin hunturu ne ka tabbata rufaffen wuri ne kuma an jiƙa ƙasa, ƙurar hazo in ta sauka a ɗanyen fenti shi kenan.

Tambaya: Ni mai ɗinkin kushin ne, wani kwastoma ya kawo min kujerar mashin ɗin ruwa in sake mata leda, ban taɓa yi ba. Daidai take da ta babur?

Amsa: Maigida ai hannunka ya riga ya san aikin, abu uku ne suka bambanta. Soson ciki in ledar ta daɗe a yage ya sha ruwa, matsa shi ka gani, ka shanya shi kwanaki ya bushe ƙarau kafin ka rufe, in ya ruɓe ka yanke wurin ka yi ciko, sannan ka lulluɓe shi da siririyar leda kafin ka ɗora ta sama don ruwa kar ya sake shiga ta ɗinki. Ledar saman ka nemi ta jirgin ruwa mai jure rana, ta kujerar falo ba ta shekara. Sai ƙusar maƙalewa, wato sitaful, lallai ta zama ta silba mara tsatsa, ta ƙarfe baƙi wata kaɗan za ta yi tsatsa ta saki musamman in ruwan gishiri ake shiga, kuma gajera don ƙasan kujerar roba ce kar ta huda ta fito. Ka shanya ledar a rana ta yi laushi, ka fara kama gaba da baya sannan gefe da gefe kana ja daga tsakiya. In ya ce ka haɗa masa da shimfiɗar wajen ƙafa, kar ka yar da tsohuwar, da ita za ka zana sabuwar a kan roba mai laushi irin ta EVA, ka kankare tsohon gam tas, ka shafa gam irin Evo-Stik a fuska biyun ka jira ya sha iska har ya daina bin yatsa sannan ka manna, kuma ka saita da kyau tun farko don in ya kama ba ya matsawa.

Tambaya: Baƙaƙen robobin jikin mashin ɗin ruwana sun koma toka-toka, wani ya ce in shafa baƙin mai. Sannan zan iya tayar da shi a tsakar gida in ji ƙararsa bayan na gama?

Amsa: Baƙin mai kwana biyu zai yi yana ƙyalli sai ya kwashi ƙura, ga santsi a inda za ka riƙe, ga shi kuma zai wanke a cikin ruwan da mutane ke kamun kifi. Ka wanke robar da buroshi ka shafa man dawo da baƙin roba da ake sayarwa wajen masu kayan mota, ka riƙa maimaitawa, in ka ajiye kuma ka rufe da tamfol.

Tayarwa a gida ba ruwa kar ta wuce daƙiƙa 15, don da ruwan da yake tafiya a kai yake sanyaya kansa. In za ka haɗa masa tiyo ka fara tayar da inji sannan ka buɗe famfo, in za ka kashe ka fara rufe famfo sannan ka kashe inji, in ka juya wannan tsarin ruwa zai bi ta salansa ya cika injin. Ko da tiyon ma minti biyu ya isa, musamman Sea-Doo da ke da wani zoben kabon a jikin sandar da ke juya farfela wanda ruwan tiyo ba ya kaiwa gare shi, in ya yi zafi ya lalace ta nan ruwa zai riƙa shigo maka ciki.