Ina nauyin albasa yake tafiya a rumbu? Amsoshin tambayoyin manoma

Tambaya daga wani manomi a Wurno: Na zuba albasa a rumbu bayan girbi, ba ta ruɓe ba, ɓera bai taɓa ta ba, amma da na zo auna ta sai na tarar ta yi sakayau. Ina nauyin ya tafi?

Amsa: Malam, albasar da ka cire daga ƙasa tana nan da ranta, numfashi take yi. Lokacin da take gona, lawashinta ne ke shaƙar iskar kabon dayoksaid ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Wannan iska kamar kashi 0.04 ce kawai cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, amma da ita da ruwa da hasken rana ganye ke haɗa sukari, ya tura shi ƙasa ya tara a kan albasar. Idan aka busar da tsiro ƙayau, kusan kashi 45 cikin ɗari na abin da ya rage kabon ne, kuma daga iska ya fito.

Da zarar an yanke lawashi, haɗa sukari ya tsaya, saura kashewa. Albasa tana ƙona ajiyarta da iskar oksijin dare da rana, tana fitar da kabon dayoksaid da ruwa da zafi. Cusa hannunka tsakiyar tarin albasa mai kauri, za ka ji ɗumi. Ga kuma ruwan jikinta da ke tsirarewa ta wuyanta, wato inda lawashi ya haɗu da kan albasar, wanda shi ne ma ya fi cin nauyin a zafin bazarar Sakkwato, inda Afrilu kan haura digiri 40.

Don haka ka janye ban ruwa kamar mako biyu kafin cira, ka jira lawashi ya kwanta da kansa. Ka shanya ta a inuwa har wuya ya bushe ya rufe. Duk wadda fartanya ta sara ka ware ta ka sayar da wuri, domin mai rauni ta fi saurin numfashi, kuma ta nan ruɓa ke shiga. Rumbu ya zama a ɗage daga ƙasa, iska na ratsa shi. Ina roƙon manoma su daina zuba yuriya dab da girbi: wuya yakan yi kauri ya ƙi bushewa.

Tambaya daga Goronyo: An hana mu ƙona kara, na binne karan gero a gona, sai masarata ta yi rawaya. Kuskure na yi?

Amsa: Alhaji, niyyar daidai ce, lokacin ne bai dace ba. Kara cike yake da kabon, naitirojin ɗinsa, wato sinadarin da takin yuriya ke ba shuka, kaɗan ne. Ƙananan halittun da ke ruɓar da shi suna buƙatar duka biyun, sai su kwashe naitirojin ɗin ƙasa su bar masara da yunwa na ɗan lokaci. Ka sassare karan, ka jera shi a rami, shimfiɗar kara, shimfiɗar kashin awaki ko na shanu, kana yayyafa ruwa kana juyawa. In ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasa, ya daina zafi, to ya nuna. A jigawarmu mai yashi wannan takin ne ke riƙe danshi. Masarar da ta riga ta yi rawaya kuwa, ka ba ta yuriya kaɗan, ka binne shi a ƙasa mai laima.

Wani kuma daga Kware ya tambaya ko zai iya zage ganyen dawa ya ba dabbobi. Na ƙasa da suka fara bushewa babu laifi. Na sama kuwa kada ka taɓa su sai ƙwaya ta ƙosa, domin su ne ke cika zangarniya.