Tun da na tare a gida ɗaya da wani nake tashi da ciwon kai, ko sammu ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni saurayi ne, na samu aiki a Abuja, kuɗin haya ya fi ƙarfina shi ya sa muka haɗa kuɗi da wani bawan Allah muka kama ɗaki biyu da falo a Mararaba, abokina ne ya haɗa mu. Mutumin dai ban ga aibunsa ba, amma tun da na tare kusan kullum da ciwon kai nake tashi, ga jiri ga tashin zuciya, sai na je wajen aiki zuwa azahar in ji na warware. Na sha maganin maleriya da na taifot a kemis ba sauƙi. Hajiyarmu ta ce ko gidan akwai mutanen ɓoye ko kuma shi ya yi min wani abu, in tattara in tashi. Ni dai ban ga yana komai ba, sai ƙaramin janareta da yake kunnawa da daddare, a lungun da ke tsakanin ɗakunanmu da kicin yake ajiye shi saboda an taɓa sace masa wani. Wallahi tsoro nake ji, kuma ban san ta yadda zan tunkare shi ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Yau ɗin nan, kar ka kwanta a gidan nan janareta yana aiki a ciki. Ko a fitar da shi waje ko a kashe shi ku kwana cikin duhu da zafi, ko ka je wajen abokinka ka kwana. Ban duba ka ba balle in yanke hukunci, amma mutum ya tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, in ya bar gida ya warware, in ya kwana ya dawo, ga inji yana ci a lungu, duk likitan da ya ji wannan abu na farko da zai zo masa shi ne gubar kabon monoksaid, wato iska mai guba da ke fita tare da hayaƙin janareta.

Abin da ya fi ci min rai a wannan harka shi ne maganar nan da nake ji kullum, wai "ai ba ma jin warin hayaƙi" ko "ai mun buɗe taga, ga fanka tana juyawa". Warin da kake ji na fetur ne da baƙin mai, ita gubar da ke kisa ba ta da wari ba ta da launi, ba ta sa tari ba ta sa hawaye, ta ƙarƙashin ƙofa take bi ta cika ɗaki kana barci. In ta shiga jini tana kama gurbin da iskar oksijin ke zama, kuma kamunta ya fi na oksijin ƙarfi sama da sau 200, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa iska alhali kana numfashi. Fanka kuwa zagaya ta kawai take yi a cikin ɗakin. Dalilin da kake warwarewa da azahar shi ne jiki yana ɗaukar kamar awa 4 zuwa 6 kafin ya fitar da rabinta in kana shaƙar iska mai kyau, da daddare kuma ka koma ka sake ɗura wata. Wanda barci ya yi wa nauyi ba ya ma samun ciwon kan da zai tashe shi, daga barcin sai wucewa. Shi ya sa za ka ji an wayi gari an fasa ƙofa an tarar da mutanen gida duk babu rai, unguwa ta ɗauka wai abincin dare ne aka sa wa guba, wani ya ce aljanu, wani ya ce kishiya, ga janareta nan a falo mai ya ƙare masa ba wanda ya ko kalle shi. Haka gawayi a kurfoti da ake shiga da shi ɗaki lokacin hunturu a rufe ƙofa a toshe taga, gubar ɗaya ce.

Su kuma masu kemis da suka ba ka maganin maleriya da taifot ba tare da sun tambaye ka inda kake kwana ba, Allah ya shirye su. Kowane ciwon kai a wajensu taifot ne, a ɗaura wa mutum ruwa a karɓi kuɗi ya koma ɗakin da ke kashe shi. Ka je asibiti na gaske, ka faɗa wa likita da bakinka cewa janareta na kwana a cikin gida, don ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa yana iya nuna oksijin ɗinka lafiya lau alhali jinin cike yake da guba, ba ya bambance su. Kuma in Allah ya kiyaye ka tarar da wani ya suma, ka fito da shi fili, a kashe injin, a kira 112 ko a sa shi a mota zuwa asibiti, oksijin ne maganinsa. Don Allah a daina ɗura wa wanda ya suma madara ko manja, ba sa karya wannan guba, huhunsa za su gangara su ƙara masa wata masifar.

Hajiya tsoro ne ya sa ta faɗi haka, uwa ce kuma ɗanta na nesa. Ka ci gaba da azkar ɗinka, ka kira ta ka yi mata bayani cikin ladabi. Amma ka cire zargin bawan Allahn nan daga zuciyarka, iskar da kake shaƙa ita yake shaƙa, ka tambaye shi ma ko yana tashi da nauyin kai, ba mamaki shi ma yana ta shan farasitamol bai san dalili ba.

Ta nan ma za ka shigo masa da maganar, a matsayin abin da ya shafe ku ku biyu, kar ka zo masa da faɗa ko ka nuna kamar kai ne mai gida. Tsoron ɓarawo da yake yi gaskiya ne, to ku haɗa kuɗi mai walda ya yi muku keji na ƙarfe da kwaɗo a tsakar gida, ku ƙaro waya, injin ya yi nisan aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bututun hayaƙin ya kalli wani gefen, kuma kar ku manna shi a tagar maƙwabci. Baranda da ƙarƙashin matakala duk cikin gida ne. Ku nemi izinin mai gidan tukuna, kuma tunda an zauna ku yanke yadda za a raba kuɗin mai da lokacin kashe inji. Akwai ƙaramar na'ura mai batir da ke ƙara in ta ji gubar, in kun samu ku rataya ta kusa da ɗakunan kwana.

In ya ƙi, ya ce shi dai injinsa a lungu zai kwana, to shawarar Hajiya ta tashi ta zama daidai, ka kwashe kayanka ko da kuɗin hayarka bai ƙare ba. In kuma an fitar da injin an yi mako ciwon kan bai daina ba, ka koma asibiti a bincika hawan jini da ido da sauransu.