Manhajar da ke haɗa waya da waya: za a ba ni fatent a Gana?

Wani matashi daga Aboabo a Kumasi ya rubuto mini. Ya ce mahaifiyarsa tana sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, ƙaninsa kuma yana tsare sito a unguwa, kowa da wayarsa yana rubuta bashi da kayan da suka fita. Da yamma lissafi ya ƙi haɗuwa, rigima ta tashi. Sai ya ƙera manhaja wadda idan wayoyin biyu sun kusanci juna suke musayar lissafin ba tare da data ba. Wata bakwai da suka wuce ya sa bidiyonta a Facebook, yanzu wani kamfani a Ankara, babban birnin Gana, yana so ya gani. Tambayarsa: zai iya samun fatent, wato takardar mallakar ƙirƙira, kafin a sace masa?

Ƙanina, Allah ya ƙara basira. Tambayarka tana da amsa, amma abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne bidiyon nan. Zan zo kansa.

Dokar da ke magana a kan wannan a Gana ita ce dokar fatent ta 2003, mai lamba 657, wadda aka yi wa gyara a 2016. A wurinta, ƙirƙira ita ce dabarar da ke warware takamaimiyar matsala a fagen fasaha, kuma sai ta cika sharuɗɗa uku: ta zama sabuwa, ta zama ba abin da duk wani gwani a fannin zai hango da sauƙi ba, sannan a iya aiki da ita a masana'antu. Dokar ta kuma ware abubuwan da ba a ba su fatent, ciki har da hanyoyin lissafi zalla da tsare-tsaren gudanar da kasuwanci. Nan ne ƙafarka za ta iya zamewa. Idan ka rubuta cewa ka ƙirƙiro hanyar da 'yan kasuwa za su riƙa haɗa littafin bashi, mai duba takarda zai ce wannan tsarin kasuwanci ne da aka ɗora a waya. Idan kuma ka ce ka ƙirƙiro tura abu daga waya zuwa waya ba data, zai nuna maka Bluetooth da Wi-Fi Direct da AirDrop, ya nuna maka Xender da duk yaron da ke gyaran waya a Adum yake amfani da ita.

To ina naka yake? Ka ambata shi a layi ɗaya ka wuce, alhali shi ne naman. Ka ce idan Hajiya ta rubuta cewa wata ta biya rabin bashinta, a lokaci guda ƙaninka ya rubuta cewa ta ƙara ɗaukar turmi biyu, manhajarka tana gane wanne ya riga wanne ko da agogon wayoyin bai daidaita ba, kuma idan haɗin ya yanke a tsakiya tana ci gaba daga inda ta tsaya ba tare da ta ninka lissafi ba. Wannan matsala ce ta na'ura, maganinta ma na na'ura ne. Irin wannan ake ginin fatent a kansa. Sai dai ka sani, manyan kamfanoni sun daɗe suna aiki a kan daidaita bayanai tsakanin na'urori, don haka sai an bincika ko hanyarka ta bambanta da tasu. Binciken farko kyauta ne: ka shiga Google Patents ko Patentscope na WIPO, hukumar kare mallakar ƙirƙira ta duniya, ka karanta abin da wasu suka riga suka yi rajista. Ka ba shi mako guda cur kafin ka kashe ko sidi ɗaya.

Ƙasashen waje ma a kan wannan gaɓa suke tsayawa. A Amurka, tun hukuncin kotun ƙoli na 2014 a shari'ar Alice da bankin CLS, ɗaukar tunani na gama-gari a ce kwamfuta ce za ta aiwatar bai isa ba. A Turai, sashe na 52 na yarjejeniyar fatent ya cire manhaja tsurarta, amma ana karɓar wadda ke haifar da sakamako na fasaha.

Yanzu bidiyon. Sabuntar ƙirƙira tana mutuwa da zarar an bayyana ta ga jama'a a ko'ina a duniya. Dokarmu ta yi rangwame: idan kai da kanka ka bayyana, kana da wata 12 ka shigar da takarda. Ka ci bakwai, saura biyar. Amurka ma tana da irin wannan rangwamen na shekara ɗaya, amma Turai ba ta yafe wa wanda ya tallata abinsa da hannunsa. Abin da zai iya cetonka shi ne idan bidiyon ya nuna wayoyi biyu suna aiki ne kawai, bai faɗi yadda cikin yake ba. Ka sake kallonsa da kyau, ka rubuta ranar da ka sa shi, ka kuma tuna ko ka tura wa wasu manhajar kanta, don rabawa ma bayyanawa ce.

Wurin shigar da takarda shi ne ofishin Babban Magatakarda a Ankara, kuma fatent yana ɗaukar shekara 20 daga ranar shigarwa, ana biyan kuɗin riƙewa kowace shekara. Ta hanyar ARIPO, ƙungiyar fatent ta wasu ƙasashen Afirka da ke Harare, kana iya neman ƙasashe da dama da takarda ɗaya, amma Nijeriya ba ta ciki, Togo da Nijar da Burkina Faso kuwa suna ƙarƙashin takwararta OAPI da ke Yawunde. Bayan ka shigar a gida kana da wata 12 ka nemi waje da wannan ranar ta farko.

Shawarata ta gaskiya: kada ka sa duk ƙarfinka a fatent. Kod ɗin da ka rubuta, wato rubutun da aka gina manhajar da shi, yana da kariya tun ranar da ka rubuta shi a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2005, mai lamba 690. Rajista a ofishin haƙƙin mallaka ba dole ba ce, amma tana zama hujja a kotu, ka yi ta. Iyakarta dai, tana hana a kwafi rubutunka, ba ta hana wani ya gane dabarar ya rubuta nasa. Akwai kuma dokar hana gasar rashin adalci ta 2000, mai lamba 589, da ke kare sirrin sana'a muddin ka tsare shi a matsayin sirri.

Saboda haka kada ka buɗe wa kamfanin nan komai sai sun sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri, wadda ta fayyace cewa gani kawai za su yi, mallaka tana hannunka. Idan sun ƙi, ka nuna musu abin da manhajar ke yi, ka rufe yadda take yi. Kuma idan a lokacin da ka ƙera ta kana aiki a ƙarƙashin wani, ko wani aboki ya taya ka rubutawa, ka faɗa wa lauyan da za ka gani tun a zaman farko, don doka tana iya ba su rabo. Ka je masa cikin wannan watan, da ranar bidiyon a rubuce da zanen yadda wayoyin ke tantance wanne rubutu ya riga.